BABI NA UKU: SARRAFA FITILUN DANDAMALI A ƘASAR GUMEL

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan na'urar da ake sarrafa fitilun dandamali da ita, wato yadda aka tsara ta, da yadda ake haɗa ta da fitilu, da yadda ake adana haske a cikinta. Daga nan sai a dubi hanyoyi biyu da masu wannan sana'a suka fi dogara da su, wato bi-da-bi da kuma barin sauti ya riƙa juya fitilu. An ɗora bayanin ne a kan yanayin ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, duk iya aikin na'ura, ba ta san abin da ake yi a kan dandamali ba. Saboda haka kyawun haske ko muninsa yana wuyan mutumin da yake zaune a gabanta.

3.1 Haske a Dandalin Bahaushe

Tun asali farin wata shi ne fitilar dandalin Bahaushe. A ƙarƙashinsa ake yin gaɗa da tatsuniya da sauran wasannin dare. Daga baya aka sami aci-balbal da fitilar ƙwai, sa'annan fitilar gas, wadda makaɗa da masu wasa suka daɗe suna ratayawa a tsakiyar fili. Duk waɗannan fitilu aikinsu ɗaya ne, wato korar duhu. Ba a iya rage su ko sauya musu launi gwargwadon abin da wasa yake bukata.

Amfani da haske a matsayin wani ɓangare na wasa ya bunƙasa ne da zuwan wutar lantarki. A shekarar 1881 aka buɗe gidan wasa na Savoy a birnin Landan, wanda aka haskaka shi gaba ɗaya da lantarki. A Nijeriya kuwa, jami'o'i ne suka fi raya wannan fanni, kamar dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, wanda aka gina da ƙasa, sai kuma Babban Gidan Wasa na Ƙasa da ke Iganmu a Legas, inda aka yi bikin al'adu na FESTAC a 1977. Kayan wancan zamani masu nauyi ne da tsada da cin wuta, domin ƙwan fitila guda ɗaya yakan ci wat 1,000. Wannan ne ya sa suka tsaya a manyan birane.

Abin da ya sauya lamarin shi ne bayyanar fitilun LED. Bayan da masana a ƙasar Japan suka samar da shuɗin LED mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, sai ya yiwu a haɗa ja da kore da shuɗi a cikin fitila ɗaya marar nauyi, mai ɗan cin wuta. Masana'antun ƙasar Sin suka riƙa ƙera su da araha, suna shigowa ta Legas zuwa kasuwannin Kano. Tsakanin Kano da Gumel kuwa kimanin kilomita 120 ne. Ta haka fitilun suka iso hannun masu kayan sauti na haya, waɗanda ake kira wajen kamu da walima da taron siyasa da bikin yaye ɗalibai, da kuma wasannin kwaikwayo na makarantu irin su Kwalejin Ilimi ta Gumel.

3.2 Tsarin Na'urar Sarrafa Fitilu

Na'urar ba ta ba fitila wuta. Kowace fitila tana da wayar wutarta daban. Aikin na'ura shi ne aika umurni ta wata siririyar waya, kuma harshen da take magana da fitilu da shi ana kiran sa DMX512. Wata ƙungiyar masana fasahar dandamali ta Amurka ce ta fito da shi a 1986, aka yi masa gyara a 1990, domin kayan kamfanoni daban-daban su riƙa fahimtar juna. A wannan tsari waya ɗaya tana ɗaukar kafofin umurni 512, kuma kowace kafa tana ɗauke da lamba daga 0 zuwa 255. Idan kafar ta ƙarfin haske ce, to 0 tana nufin a mutu, 255 kuwa a kama gaba ɗaya.

Ƙaramar na'ura mai araha da ta fi yawa a kasuwa ita ce mai kafofi 192. An raba waɗannan kafofi ga fitilu 12, kowace fitila kafofi 16. A fuskar na'urar ana samun waɗannan abubuwa:

(a) Maɓallai 12 na zaɓen fitila, a gefen hagu.
(b) Mariƙai 8 masu zamewa sama da ƙasa, tare da maɓallin juya shafi. Shafin farko yana riƙe da kafa ta 1 zuwa ta 8, na biyu kuwa ta 9 zuwa ta 16.
(c) Maɓallai 8 na zubi. Zubi shi ne kamannin haske guda ɗaya da aka tsara aka adana.
(d) Rumbuna 30, kowane rumbu yana ɗaukar zubi 8, wato zubi 240 ke nan.
(e) Maɓallai 6 na bi-da-bi.
(f) Mariƙin sauri da mariƙin dusashewa.
(g) Maɓallin duhu, wanda yake kashe dukkan haske nan take.

3.3 Haɗa Fitilu da Ba Su Adireshi

Ana haɗa fitilu ne kamar jerin raƙuma a ayari. Waya tana fita daga na'ura ta shiga fitila ta farko, wata ta fita daga ta farko ta shiga ta biyu, haka har ƙarshe. Ƙa'ida ita ce kada a ɗora fiye da fitilu 32 a kan layi ɗaya, kuma kada a tsaga waya gida biyu da hannu. A bakin fitilar ƙarshe ana sa wata 'yar toshiya mai ɗauke da matsin lantarki na om 120, wadda take hana saƙo komowa baya ya rikita wanda yake tafe.

Da yake dukkan fitilu suna jin saƙo ɗaya ne, dole kowace ta san rabonta. Wannan shi ne amfanin adireshi. Tun da na'urar ta ware wa kowace fitila kafofi 16, to fitila ta farko za a sa ta a lamba 1, ta biyu a 17, ta uku a 33, ta huɗu a 49, ana ƙara 16 kowane lokaci har ta goma sha biyu, wadda take farawa a 177. Idan aka ba fitilu biyu iri ɗaya adireshi ɗaya, za su riƙa yin abu ɗaya tare, kuma wannan dabara ce mai amfani idan fitilu sun yi yawa. Amma idan aka sa fitila ta biyu a lamba 2 ko 8, kamar yadda sababbin shiga sukan yi, to sai umurnin wata ya faɗa cikin na wata, a ja mariƙin ja a nan, walƙiya ta tashi a can.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne amfani da wayar makirfo a madadin wayar DMX, saboda bakinsu iri ɗaya ne mai ƙafa uku. A gajeren zango takan yi aiki. Idan zango ya yi nisa, kamar a filin makaranta ko harabar fada, sai fitilu su fara kyaftawa ba tare da an taɓa kome ba.

3.4 Adana Zubi

Kafin a fara, wajibi ne a duba takardar da ta zo da fitila domin sanin aikin kowace kafa, saboda kamfanoni sun bambanta. Alal misali, a wata fitilar kafa ta 1 ƙarfin haske ce, ta 2 ja, ta 3 kore, ta 4 shuɗi, ta 5 walƙiya. A irin wannan fitila, idan ba a ɗaga kafa ta 1 ba, kome aka ja ba za a ga haske ba.

Matakan adana zubi su ne kamar haka. Da farko a danne maɓallin shiri na kimanin daƙiƙa uku har 'yar fitilarsa ta fara kyaftawa. Sa'annan a zaɓi fitilar da ake so, a ja mariƙai har a sami launi da ƙarfin da ake bukata. Sai a sake ta a zaɓi wata, har a gama da dukkansu. Daga nan a danna maɓallin adanawa, a zaɓi rumbu, a danna lambar zubi. Fitilun na'urar za su kyafta alamar an karɓa. Idan an gama sai a sake danne maɓallin shiri domin a fita.

Wajen haɗa launi, ya kamata a sani cewa haske ba ya bin ƙa'idar rini. Ja da kore suna ba da rawaya, kore da shuɗi suna ba da ruwan sararin samaniya, ukun gaba ɗaya kuma suna ba da fari. Haka kuma kore ko shuɗi zalla yana kashe annurin fuskar baƙin mutum, yana kuma ɓata launin shadda da leshi. Saboda haka masu ɗaukar hoton bidiyo sukan yi kuka da shi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ware fitilu biyu ko huɗu su tsaya a kan fari mai ɗan ɗumi, suna haska fuska daga dama da hagu, a karkace daga sama kimanin digiri 45. Wannan tsari ne da Stanley McCandless na Jami'ar Yale ya bayyana tun 1932. Idan aka ɗaga fitila ta yi sama da yawa, ɗankwali ko rawani zai jefa inuwa a kan idanu. Launuka masu motsi kuwa sai a mayar da su bango da gefen dandamali.

3.5 Bi-da-bi

Bi-da-bi shi ne a jera zube-zube da yawa su riƙa bin juna ɗaya bayan ɗaya, in sun kai ƙarshe su koma farko. Kowane zubi a cikin jerin ana kiran sa taki. Misali mafi sauƙi shi ne fitilu huɗu a jere: a taki na farko ta ɗaya ce kaɗai take kunne, a na biyu ta biyu, haka har ta huɗu. Idan jerin ya tashi, ido zai ga kamar haske ne yake gudu daga hagu zuwa dama, alhali babu fitilar da ta motsa daga wurinta.

Ana gina shi ne bayan an riga an adana zube-zube. A shiga shiri, a danna ɗaya daga cikin maɓallai shida na bi-da-bi, a zaɓi rumbu da zubin da zai zama taki na farko, a danna maɓallin adanawa. Sai a zaɓi zubi na gaba a sake dannawa. Bi-da-bi ɗaya yana iya ɗaukar taki har 240, kuma ana iya maimaita zubi ɗaya sau da yawa a cikinsa.

Abubuwa biyu ne suke ba bi-da-bi halinsa. Na farko shi ne sauri, wato tsawon lokacin da kowane taki yake ɗauka. Na biyu shi ne dusashewa, wato yadda wani zubi yake narkewa cikin na gabansa. Idan aka sauke dusashewa ƙasa, haske zai riƙa tsalle daga launi zuwa launi, abin da ya dace da kiɗa mai zafi. Idan aka ɗaga shi, sai launuka su riƙa shiga juna a hankali, irin wanda ya dace da shigowar amarya. Sai dai a kula kada lokacin dusashewa ya zarce na sauri, domin in haka ta faru zubi ba zai kai ga cikar kamanninsa ba za a wuce shi, launuka duk su dagule.

Ana iya lissafa sauri daga kiɗa. Kiɗan da yake bugu 120 a minti ɗaya yana yin bugu biyu ke nan a daƙiƙa, saboda haka kowane taki zai ɗauki rabin daƙiƙa. Wanda ba ya son lissafi yana iya amfani da maɓallin bugu: ya danna shi sau biyu daidai da kiɗa, na'ura ta auna tazarar ta bi. Har ila yau, yawan taki yana da muhimmanci. Kiɗan fiyano na waƙoƙin fim da yawa yana tafiya huɗu-huɗu, don haka jeri mai taki 4 ko 8 ya dace da shi. Wasu kaɗe-kaɗen gargajiya kuwa uku-uku suke tafiya, sai jeri mai taki 3 ko 6 ya fi zama daidai. Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to haka haske.

3.6 Barin Sauti ya Juya Fitilu

A cikin na'urar akwai ɗan ƙaramin makirfo. Idan aka danna maɓallin kiɗa, na'ura takan daina bin agogonta, ta koma sauraro. Akwai matata a ciki da take zubar da siraran sautuka ta bar masu kauri, irin dukan babbar ganga. Duk lokacin da kaurin sauti ya haura wani mizani, sai na'ura ta matsa zuwa taki na gaba. Iyakar abin da take yi ke nan. Ba ta san waƙa ba, ba ta san amshi ba, kuma ba ta bambanta kiɗa da hayaniya.

Wannan hanya tana da farin jini domin a yawancin tarurruka mutum ɗaya ne yake kula da sauti da janareta da fitilu. Amma tana da matsaloli huɗu da ya kamata a sani.

Na farko, ba kowane kiɗa ne take ji ba. Kiɗan da aka haɗa a kwamfuta yana da duka mai kauri da yake zuwa a kan kari, saboda haka na'ura tana bin sa sosai. Kalangu kuwa muryarsa hawa da sauka take yi gwargwadon matsa tsarkiya, kuma makaɗi yakan karya kiɗa ya yi wa wani take. Kuntigi da kukuma da sarewa sautinsu siriri ne, matata tana zubar da mafi yawansa. A irin wannan hali fitilu sukan tsaya cik, sa'annan su zabura ba dalili.

Na biyu, tana jin abin da ba a nufa ba. Kirarin sanƙira, da bugun makirfo da mai gabatarwa yake yi don gwaji, da ƙugin janareta idan yana kusa, da iskar hunturu a buɗaɗɗen fili, duk suna iya motsa ta. Ba abin da ya kai muni kamar a ce malami ya tashi buɗe taro da addu'a, ko wakilin hakimi yana jawabi, fitilu kuwa suna tsalle a fuskarsa daidai da kowace gaɓar magana. Mai kayan da ya bari haka ta faru yana iya rasa kiran gaba.

Na uku, nisa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan na'ura tana nesa da lasifika da mita 34, haske zai makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Idan kuma aka manna ta da lasifika, ƙara zai cika mata kunne ta riƙa matsawa ba tsayawa. Maganin wannan shi ne a daidaita maɓallin ƙarfin ji, in akwai shi, ko a jawo sauti kai tsaye da waya daga na'urar haɗa sauti idan tana da bakin karɓa.

Na huɗu, fitilu da yawa suna da nasu makirfo. Idan aka bar kowace a kan jin kanta, sai su watse, kowace da inda ta nufa. Idan kuma aka bar ɗaya a matsayin jagora alhali na'ura tana kan layin, to masu umurni sun zama biyu, saƙonni su yi karo. Dole a mayar da dukkansu kan karɓar DMX.

Bisa ga haka, wannan hanya ta dace da lokacin rawa kaɗai. Da zarar kiɗa ya tsaya, sai a koma zubin fari da hannu. A wasan kwaikwayo kuwa ba ta da gurbi, sai fa a fitowar da aka nuna biki ko gidan rawa. Abin da ake bukata a can shi ne takardar jagora, wadda aka rubuta lambar kowane zubi a gefen maganar da za a sauya haske a kanta, kamar safiya, da dare, da zaman fada.

3.7 Wuta, Yanayi da Lafiyar Jama'a

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, amma yawancin tarurrukan wannan yanki, musamman a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, da janareta ake yin su. Saboda haka sai an yi lissafi. Idan kowace fitila tana cin wat 100, guda takwas za su ci wat 800, kafin a sa kayan sauti. Ƙaramin janareta da ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki duka biyun ba, kuma alamar gazawarsa ita ce fitilu su riƙa dusashewa duk lokacin da ganga ta buga. Ya kamata a kashe kaya kafin a tayar da inji ko a sauya layi, a kuma ajiye fitila mai caji a kusa, domin duhu na ba-zata a cikin taron mata da yara yana jawo turmutsutsu.

Yanayin ƙasar ma abin lura ne. Ƙurar hunturu tana toshe fankar fitila, tana kuma shiga ramin mariƙai har su riƙa aika lambar da ba a nufa ba. Zafin bazara, wanda yakan haura digiri 40, yana rage wa fitila kwana. Wanda yake yawo da kaya a kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, musamman ranar Alhamis da kasuwa take ci, yana bukatar akwati mai rufi da burushi mai laushi. Da damina kuwa, kada a bar mahaɗar waya a ƙasa, kuma jikin fitila na ƙarfe yana bukatar wayar ƙasa domin kare mutane daga jan wuta.

Babban haɗarin da ba a cika sani ba shi ne na walƙiya. Akwai masu farfaɗiya da kyaftawar haske take tayar musu da ciwo, musamman yara da matasa, kuma haɗarin ya fi yawa idan kyaftawar ta kai sau 15 zuwa 25 a daƙiƙa. A ranar 16 ga Disamba, 1997, an kai yara 685 asibiti a Japan bayan sun kalli wani shirin zane na Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi a talabijin. Ƙa'idar da gidajen talabijin na Ingila suke bi ita ce kada walƙiya ta wuce sau uku a daƙiƙa. Mariƙin sauri na wannan na'ura yana iya wuce wannan iyaka nesa, haka ma kafar walƙiya ta jikin fitila. A wurin da akan danganta faɗuwa da iskokai, yaro yana iya faɗuwa a gidan biki ba wanda ya kawo fitila a ransa. Idan haka ta faru, abu na farko shi ne a tsayar da walƙiya a koma farin haske tsayayye, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa kome a baki, sa'annan a nemi asibiti.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda haske ya taso daga farin wata zuwa fitilun LED, da yadda na'ura mai kafofi 192 take magana da fitilu ta hanyar adireshi. An bayyana yadda ake adana zubi, da yadda ake jera zube-zube su zama bi-da-bi, da kuma yadda sauti yake matsar da taki. An nuna cewa wannan hanya ta ƙarshe tana da rauni a gaban kiɗan gargajiya da jawabi da addu'a, kuma walƙiya marar iyaka tana iya cutarwa. Saboda haka mai sarrafa fitilu a ƙasar Gumel yana bukatar ya san na'urarsa, ya san kiɗan mutanensa, ya kuma san tsarin taron da aka kira shi tun kafin a fara. A babi na gaba za a dubi yadda ake amfani da waɗannan dabaru wajen nuna lokaci da wuri a wasan kwaikwayo na dandamali.